Daminar Da Muka Rufe Ƙaramar Ƙofa

Autana ne ya kawo mana wannan zance cikin gida, a daminar da jami'a ta yi dogon hutu ya dawo ya tare mana, ba aikin fari bare na baƙi. Gardi guda har da gemu, amma da an kawo wuta sai ya baje a tabarma a rumfar tsakar gida, ya buɗe kwamfuta yana kallon finafinan Turawa. Wata rana bayan la'asar ina tankaɗe garin tuwo sai na ji ihu da gurnani suna tashi daga wajensa. Na ce ya rage, akwai mai jego a ɗaki. Maimakon ya rage sai ya juyo mini da fuskar abin.

"Mama, zo ki ga zombi."

"In zo in ga me?"

"Gawa ce take tashi tana cizon mutane. Wanda ta ciza ya mutu, shi ma ya tashi ya ciji wani. Haka har duniya ta ƙare."

Na ce a'uzubillahi, wato duk masifun da ke duniya ba su ishi waɗannan mutane ba sai sun zauna sun ƙirƙiro wata. Amma na leƙa, don ni ma ba baya ba ce wajen son ganin ƙwaƙwaf. Wasu mutane na gani furu-furu, tufafi a yage, suna jan ƙafa a titi bakinsu duk jini. Can sai ga wata mata da mijinta suna gudu. Ɗaya daga cikin abubuwan nan ya cafki mijin a hannu. Matar ta dube shi, ta dubi cizon, ta faɗa ɗaki ta datse ƙofa ta bar shi a waje yana bugawa yana kiran sunanta. Na ajiye rariya na ce, "Tabɗi! Wannan kuma wace irin mata ce?"

Muna cikin haka Malam, maigidana, ya shigo. Tun da ya bar aikin gwamnati ba abin da yake so kamar gardama, shi ya sa auta bai bari ya zauna ba ya jefa masa tambaya: in wannan abu ya ɓullo a Zariya, me zai faru? Bai ma jira amsa ba ya shiga tsara mana yadda za a yi. Wai mu mutanen cikin birni mun fi kowa sa'a, tunda muna da ganuwa. A rufe Ƙofar Doka, a rufe Ƙofar Kuyambana da sauran, a sa matasa gadi, a tara hatsi, shi ke nan na waje su yi ta kansu.

Malam ya yi dariya har da tari. "Wace ganuwar? Wadda aka kwashe ƙasarta aka yi bulo? Akuya ma yanzu ba ta ɗaga ƙafa in za ta haura."

Na ce musu su bar ganuwa ta huta. Ko da ƙarfe aka zagaye birnin nan, Juma'a ba za ta zagayo ta same mu ba, kuma ba gawar ce za ta gama da mu ba, dubiya ce.

Yau a ce an ciji mutum ɗaya a Limancin Kona. Kafin ya gama kwanciya mata sun cika gidan, wannan da kunu, wannan da rubutun sha, waccan ta dafa goshinsa ta ji ko da zafi. Maza suna zaure, duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ya ba shi hannu. 'Yan'uwa na Gyallesu da na Tudun Jukun sun hau babur sun taho, don kada gobe a ce ba a gan su ba. In rai ya yi halinsa, da hannu za a rufe masa ido, da hannu za a ɗaure masa haɓa, da hannu za a wanke shi. A ɗora a makara, kowa yana rububin sa kafaɗa don lada. A dawo a zauna makoki ana cin tuwo a kwano ɗaya. Wanda ya ƙi zuwa kuwa, shi da 'ya'yansa sun shiga bakin duniya. Na ce mu ba sai abin ya wahalar da kansa yana bin mu ba, da ƙafarmu za mu je masa, har da sallama.

Auta ya yi ta dariya yana cewa in ya koma makaranta sai ya ba abokansa labari. Ni ma na yi dariya a ranar, don da alfahari na faɗi maganar. Na koma kan tankaɗena.

Mai jegon da ke ɗaki 'yar farina ce, wadda har yau ba na kama sunanta. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a bayan gari. Haihuwarta ta farko ce, ta dawo gida wanka kamar yadda aka saba. Ni nake dafa ruwa safe da yamma in yi mata wankan ganye, ni nake dama mata kunun kanwa, ni nake yi wa jaririn wanka in gasa masa cibi. Gwiwoyina tun lokacin sun fara ba ni labari, amma wa zan bar wa?

Akwai mai taya ni, ita ce Yaya. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba. Mijinta da Malam 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma gidanmu da nasu da can gida ɗaya ne. Da aka raba gado aka ja katanga a tsakani, sai tsofaffi suka bar wata 'yar ƙofa ta langa-langa a jikin katangar, don mata su riƙa shiga wa juna ba sai sun ɗauki mayafi sun bi ta titi ba. Tun da aka kawo ni gidan ina amarya ban taɓa ganin ƙofar nan a kulle ba. Sakatarta ma ta yi tsatsa ta maƙale.

Ta nan Yaya take faɗo mini ba sallama. Ta buɗe tukunyata, ta ɗanɗana, ta yatsine fuska ta ce, "Ke 'yar boko, wannan miya ce ko ruwan wanke allo?" Da yake na koyar a firamare, ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai 'yar boko. Ni kuma in ce mata ta je ta gyara tata, wadda kanwa ta yi wa yawa. Ita ta riƙe ni a duk haihuwata. Ita ta koya mini wankan gawa, har ya zama in mace ta rasu a layinmu mu biyu ake aiko wa. Ranar da mijinta ya rasu, a ɗakina ta yi kukan da ta ƙi yi a gaban mutane.

Ruwa ya yi yawa a daminar nan. Kwatoci suka cika suka tumbatsa, suka haɗe da rijiyoyi. Aka fara jin amai da gudawa a wata unguwa, sannan a wata. Mutane ba sa son kama sunansa, sai dai ka ji an ce wane ma ciwon nan ya kama shi. Yaya ta je dubiyar wata 'yar'uwarta da aka kawo daga ƙauye. Na ce mata ta yi hankali, ta ce in rufe mata baki, ciwo ai na Allah ne.

Wata safiya ina jiƙa ganyen wanka sai matar ɗan Yaya ta leƙo ta ƙaramar ƙofa, idonta ya yi ja. Ta ce Inna ba ta da lafiya, tun asuba abin yake zuba, har ba ta iya tashi. Na tsame hannuna daga ruwa na miƙe. Ban kai ga ƙofar ba 'yar farina ta fito daga ɗaki da ɗaurin ƙirji, ta riga ni. Ta tsaya nesa kaɗan ta yi wa yarinyar tambayoyi, yaya kalarsa, tun yaushe, tana iya shan ruwa. Ta faɗa mata yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta ce a nemo abin hawa yanzu-yanzu a tafi asibiti a ƙara mata ruwa. Da yarinyar ta juya, sai 'yar farina ta tura ƙofar, ta ɗauki dutse ta yi ta dukan sakatar nan har ta shiga.

Na ce, "Ke! Kanki ɗaya kuwa?"

"Mama, da hannun nan kike yi wa yaron nan wanka. Da shi kike dama mini kunu. In abin nan ya kama jariri, ba ya kai yamma."

"To in wanke hannuna mana. Yau na fara jinya?"

"Na san ki, Mama. Ba tsayawa za ki yi a bakin ƙofa ba. Ke za ki kwashe, ke za ki wanke zannuwan, ke za ki ɗora kanta a cinyarki. Na ga abin da ciwon nan yake yi a wurin aiki. In kin shiga can, wallahi yau zan ɗauki ɗana in bar gidan nan."

Ba ta taɓa yi mini magana ido cikin ido haka ba. Na juya wajen Malam, wanda ya fito yana tsaye da buta, ina jiran ya tsawatar mata. Sai ya ce ai ko malamai sun yi bayani, inda annoba take ba a shiga. Ya faɗa yana kallon butarsa, sannan ya wuce zaure, kamar yadda maza suke yi in magana ta yi nauyi.

Na yi wa mai jego wanka. Na yi wa jaririn, na goya shi. Hantsi ya yi, ba a tafi asibiti ba. Ina jin su ta katanga, ɗan Yaya yana lallashinta, tana ƙi. Can aka fara buga ƙaramar ƙofa.

"Mama, Inna ta ce ba inda za ta sai kin zo."

Na matsa har jikin langa-langar. Ina jin numfashin yarinyar ta ɗaya gefen. Sannan na ji muryar Yaya daga ɗakinta, ta shaƙe ta zama siririya, ba ta yi kama da muryar da take zagin miyata ba.

"'Yar boko. Ina 'yar boko?"

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye a wurin ba. Jaririn yana barci a bayana, ɗuminsa yana ratsa ni. Hannuna yana kan sakata. 'Yar farina tana bakin ɗakinta, kallona kawai take yi tana hawaye. Na buɗe baki na ɗaga murya yadda Yaya za ta ji.

"Yaya, ina nan. Ki yi wa Allah ki bari a kai ki asibiti. Ina nan, ina jin ki."

Ta sake kira sau ɗaya. Daga nan ba ta ƙara ba. Jim kaɗan na ji ƙarar a-daidaita-sahu a ƙofar gidansu, na ji an fita da ita. Na koma na zauna a kan turmi, na kasa ko kwance goyon.

Matan layinmu kuwa sun je, kamar yadda na faɗa a ranar fim ɗin. Sun cika gidan tun kafin a fita da ita, wasu suka bi ta har asibiti. Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin layi ita ta tattara zannuwan Yaya ta wanke tas, aikin da nawa ne. Ba a jima ba ita ma ta kwanta, kuma ita ba ta tashi ba. Ma'aikatan lafiya suka zo da safar hannu da abin feshi, su suka tsaya a kan wankanta. Ban je ba. Karo na farko ke nan da mace ta rasu a layinmu aka yi mata sutura ba da hannuna ba. Wasu gidaje ma sun kwanta, wasu suka tashi, wasu aka ɗauke su. Gidanmu ko ciwon kai ba wanda ya yi. 'Yar farina ta yi gaskiya, ban taɓa cewa ba ta yi ba, kuma da za a maido ni ranar ban san in zan yi wani abu dabam ba. Sanin hakan bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Yaya ta sha ƙarin ruwa, Allah ya yi da sauran kwananta, aka dawo da ita gida. Kullum nakan miƙa kwanon abinci ta saman katanga, matar ɗanta ta karɓa ta ce an gode. Kwanon yakan dawo a wanke.

A cikin kwanakin ne auta, yana cin tuwo, ya ɗago ya ce, "Mama, ashe dai za mu tsira in zombi sun zo. Kin ga ke ma kin iya rufe ƙofa."

Yabo yake nufi, sakaran. Saura kaɗan in ƙwala masa ludayin da ke hannuna. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, ya ɗauki kwanonsa ya fita yana mamakin abin da ya yi.

Amma maganarsa ta zauna mini, kuma tun daga ranar nake juya tambayar da ya yi wa ubansa. Ciwon da ya zo mana fa mai magani ne, gishiri da sukari da ƙarin ruwa. Duk da haka na ga abin da ya yi wa birni cikin ɗan lokaci. Mai fura ta daina zuwa daga ƙauye. Mai ruwa ya turo kurarsa layi-layi ba mai saya. Malam ya ce a masallaci mutane sun koma sa hannu a aljihu in an idar da salla. Wani bawan Allah da gyambon ciki ya dama ya yi amai a bakin kasuwa, aka watse aka bar shi shi kaɗai a durƙushe, mutumin da kowa ya san ubansa. To ina ga ciwon da ba shi da magani, wanda mamacinka da kansa zai tashi ya biyo ka? Wa zai yi noma, wa zai kawo hatsi kasuwa, wa zai karɓi haihuwa, wa zai bi liman sahu kafaɗa da kafaɗa? A fim ɗin auta ana nuna wasu tsiraru a saman bene da bindiga, wai su ne suka tsira. Ba a nuna ranar da za su sauko su haɗa ido da wanda suka rufe wa ƙofa, in Allah ya sa bai mutu ba. Da na ce dubiya ce za ta gama da mu, rabin maganar na sani. Sauran rabin shi ne, waɗanda suka ƙi zuwa dubiyar su ne za su rage, kuma ina cikinsu. Na gaji da wannan tunani, wallahi, amma yakan zo mini ko ina tsintar shinkafa.

Aka yi arba'in, ciwo ya lafa a gari, 'yar farina ta koma ɗakinta da ɗanta ya yi ɓul-ɓul. Motarsu na tashi na ɗauki dutse na buge sakatar ta fita. Na tura ƙofar, ta ƙi motsi. Na leƙa ta wata 'yar huda, sai na ga an jera itacen girki a bayanta har sama. Wataƙila wuri suka rasa saboda ruwa, haka na ce wa kaina. Na shiga ɗaki na ɗauki mayafi, na bi ta zaurenmu, na fita titi, na shiga zaurensu na yi sallama.

Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, amma idonta na nan yadda yake. Ta amsa sallamar da fara'a.

"Maraba, maraba. Lale da Hajiya. Ke, kawo wa Hajiya tabarma."

Matar ɗanta ta shiga ta ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake ajiyewa a bayan gado saboda baƙi, ta shimfiɗa mini. Ta kawo ruwa a kofin gilashi da murfinsa a kan faranti. Ni da nake shan ruwa a gidan nan da moɗa, a tsaye, a bakin randa.

Muka gaisa. Ta tambayi Malam, ta tambayi mai jego, ta tambayi jariri, ta sa masa albarka. Na yi mata ya jiki, ta ce jiki alhamdu lillahi. Na yi mata gaisuwar mai ƙosai, ta ce Allah ya jiƙanta, mace ce ta gari.

Na ce, "Yaya, kin san dalili."

"Na sani mana. Ai yarinyar ta yi daidai. Jariri ɗanye, wa zai yi wasa da shi? Ko kusa kada ki sa komai a ranki, Hajiya."

Na so ta zage ni. Na so ta ce mini 'yar boko marar kunya, ta tona mini duk abin da ta yi mini tun ina amarya, mu yi faɗa a ji mu har titi, in yi kuka ta yi kuka. Na zauna ina jira. Ta yi mini zancen tsadar gawayi da yadda ruwa ya zubar da katangar wasu a bayan layi. Da na ga la'asar ta kusa na ce zan koma.

Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar. Na ce ta zauna, ina za ta da wannan jiki? Ta ce a'a, ai sai ta taka mini. Ta shiga ɗaki ta ɗan jima, ta fito da baƙar leda a hannu, ta rako ni a hankali har bakin zaure. Nan ta tsaya ta miƙo mini ledar da hannu biyu. Daddawa ce da busasshiyar kuɓewa da sabulu, irin ƙullin da muke yi wa wanda ya zo gaishe mu daga wani gari.

"Ga wannan ba yawa," ta ce. "An gode da zumunci. A gaida mutanen gida, Allah ya kai ki lafiya."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce na gode.